Kujerar Baƙaƙe ta Baba Yafet

Duk wanda ya saba bin hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da hantsi ya san Baba Yafet Kazah, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai tsohuwar kwat ta reluwe, wadda rana ta cinye launinta har ba a gane baƙa ce a da ko shuɗiya. Yakan fito daga kwatas bayan ya yi addu'ar safe ya sha kununsa, allo a hammata, gwangwanin madara a hannu yana ƙarar kwaram-kwaram. In ya zo layin dogo sai ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, alhali jirgin da zai taka shi an manta rabon da a ji kukansa. Awaki ne kawai ke kiwo tsakanin ƙarafunan. A ƙarƙashin tsohon tankin ruwa akwai teburin siminti da kujeru biyu. Ya share teburin da gefen hannu, ya shimfiɗa allon, ya zazzage gwangwanin, ya jera fararen 'ya'ya a gefe ɗaya, baƙaƙe a ɗaya gefen. Sannan ya zauna a bayan baƙaƙen, ya jira wanda Allah zai kawo.

Wasan ces ne, wanda wasu ke kira darar Bature. Fiye da shekara talatin ke nan Baba Yafet yana koyar da shi a wurin nan, ba albashi, ba takardar yabo, ba ma wanda ya taɓa cewa ya yi. Ƙarshen damanar nan zai tattara ya koma garinsu Zonkwa, wurin ɗansa Gershon. Shi ya sa muka ga ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Aikinsa na reluwe karkata layi ne. Shi ne mai jan dogon ƙarfen nan da ke raba hanya, ya aika wannan jirgi Jos, wancan Kaduna, wancan kuma kudu. A nan ya haɗu da Nnaemeka, makanikin injin jirgi, ɗaya daga cikin Inyamuran da iyayensu suka biyo layin dogo suka zauna a Kafanchan har ta zama gida. Nnaemeka ne ya koya masa ces. Allon kuwa na Nnaemeka ne, kuma mutumin bai ga dalilin da zai sa mai allo ya bar wa baƙo farare ba, tunda farare ke fara turi. Haka Yafet ya zauna a bayan baƙaƙe ranar farko, da ta biyu, da shekara ta goma. Nnaemeka kuwa ɗan kai hari ne na gidi, ba ya iya zama lafiya a kan allo. Kullum shi ke duka, Yafet na karewa, har kariyar ta shiga jininsa.

Su biyun suka raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da har yau ake amfani da su a gindin tankin. Ƙananan da ke jere a gaba leburori ne. Na lungu mai tafiya miƙe, jirgi. Doki doki ne, bishof kuma ba wanda ya isa ya canja masa suna a garin da ke cike da coci. Suka kuma kafa doka ɗaya, wadda Baba ya riƙe fiye da yadda wasu ke riƙe Dokoki Goma: ka taɓa, ka tura. A littafin wasan, sai ka taɓa ɗa da gangan dokar take hawa kanka. A gindin tanki kuwa ko hannun rigarka ne ya goga, shi ke nan, wannan ɗan za ka tura. Baba yakan ce a aikinsa in ka ja ƙarfe jirgi ya riga ya bi, ba wanda zai saurari "ban yi da niyya ba."

Tambayi Boaz ɗan acaba, wanda ya fara zuwa wurin don neman inuwa yana jiran fasinja, wasan ya kama shi da girmansa. Wata rana ya sunkuya yana nazari, makullin babur da ke rataye a wuyansa ya yi lilo ya bugi sarauniyarsa.

"Baba, ai ba ni ba ne, key ne!"

"Key na wane ne?"

"Nawa ne."

"To tura."

Sarauniyar ta tafi a banza. Boaz ya yi fushi ya daina bin hanyar, ya riƙa zagayawa ta kasuwa yana ƙona mai. Da fushin ya huce ya dawo, ya tarar Baba ya jera masa farare kamar jiya suka rabu.

Duk wanda ya zo koyo, da zarar ya san tafiyar kowane ɗa, Baba ba ya cika shi da surutu. Hanya ɗaya yake fara nuna masa, wadda masana wasan suka sa wa wani suna mai nufin suyar hanta. Mama Emilia, matarsa, ta ce ranar da ta fara jin sunan har ta yi murna, ta ɗauka mutanen nan sun fara tunanin cefane.

Ga yadda hanyar take. Kusa da sarkin baƙaƙe akwai wani lebura da ba mai tsaronsa sai sarkin da kansa. Baba yana kiran gidan ƙofar baya. Farare sukan fito da doki da bishof, su biyun su sa wa ƙofar nan ido. Baƙaƙe su tura leburan gaban sarauniya don ya tare hanyar bishof, farare su cinye shi. A nan hanya ta rabu biyu. Mai hankali yakan aika dokinsa bakin allo ya kori bishof, ya haƙura da leburan da ya tafi. Mai zuciya kuwa sai ya rama, ya sa ɗaya dokin ya cinye wanda ya ci nasa. Yana yin haka dokin farare ya faɗa ƙofar baya ya ba da ransa. Dole sarki ya cinye shi, don in bai ci ba, ko sarauniya ko jirgi ɗaya zai tafi. Sai sarauniyar farare ta fito ta ce cek, wato sarki ya yi ta kansa, kuma da gefen ido tana kallon dokin nan mai ramuwa. In sarki ya koma ɗaki, dokin ya tafi, abin da zai biyo baya ma ya fi muni. Saboda haka sai ya taka gaba, ya tsaya a tsakiyar fili yana gadin dokinsa, ba bango ba rufi.

Daga nan kowa ya san abin da yake nema. Farare sun ba da doki guda a kan lebura ɗaya, don haka ba su da lokacin shan ruwa. Kowane turi sai ya zama barazana: su ƙaro doki na biyu, su ɓoye sarkinsu, su fasa tsakiya don jiragensu su samu layi. Baƙaƙe kuwa lokaci kaɗai suke roƙo. Su kawo ɗaya dokin ya dafa wa ɗan'uwansa, su tokare shi da lebura, su lallaɓa sarki ya koma inuwa. In ya kai, dokin da aka ba su kyauta shi zai ci musu wasan. In bai kai ba, an yi suya.

Baba ya san hanyar mai hankali kamar tafin hannunsa, kuma ita yake ba ɗalibansa in za su fita gasa. Khairat, mai kemis a bakin kasuwa yanzu, ta ce da dokin bakin allon nan ta kare kanta a Kaduna har ta dawo da kofi. Amma shi kansa, a gindin tanki, kullum hanyar mai zuciya yake bi, ya fito da sarkinsa fili da gangan. Ta taɓa tambayarsa dalili, tunda ya san wuta ce.

"In na kauce, ku da wa za ku koyi duka?" in ji shi. "Dole wani ya zauna a buga shi."

Ita ce kuma ta ba mu labarin shekarar da gari ya rikice, aka daina tsallake layin dogo daga wannan unguwa zuwa waccan. Mahaifinta ya hana ta fita, kuma yana da gaskiya. Da abu ya ɗan lafa, sai ga Baba Yafet a ƙofar gidansu da kwat ɗinsa da gwangwaninsa, ya yi sallama, ya ce ya zo ne don yarinyar nan ta bar sarauniyarta a wuri mara kyau. Mahaifin ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure.

Baba, kai ne mai zama a buga ka don wani ya iya. Kai ne ka sha kaye a hannun mutanen da kai ka koya musu tafiyar doki, kuma duk wanda ya kayar da kai ka fi shi murna. Amma akwai abin da muka daɗe ba mu lura da shi ba. A al'adar wurin, duk wanda ya ci Baba a suyar hanta sai a juya allo, baƙaƙe su koma gabansa, ya ɗanɗana abin da yake yi wa mutane. Kusan duk wanda ya kai nan sai tafiya ta taso masa: wannan ya samu makaranta a Zariya, wancan aiki a Abuja, waccan aure a Jos. Kafanchan gari ne da aka gina don a wuce ta cikinsa, ko da jiragen sun daina, mutanen ba su daina ba. Kowa ya koyi duka ya tafi da shi, kujerar baƙaƙe ta zauna da mai ita.

A cikin duk waɗanda suka tafi, ba wadda tafiyarta ta tsaya masa a rai kamar Uloma, 'yar autar Nnaemeka. A kwatas aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, kuma ta gaji ubanta a rashin zaman lafiya a kan allo. Shekarar da ta gama sakandare suka yi wasan da har yau ake zancensa. An bi hanyar kamar kullum, sarkin Baba ya fito fili. Ya kawo dokinsa na biyu ya dafa wa na tsakiya, daga inda kuma yake leƙen wani lebura kusa da sarkin farare. Kowa a nan ɓoye sarki yake yi. Ita sai ta tura ɗan leburan bakin allo ya zunguri dokin, kamar tana cewa ci mana. Ya ci, da cek, ga jirginta na lungu a bakinsa. Ta gusa da sarkinta gida ɗaya, ko a jikinta. Baba ya cinye jirgin. Jirgi guda fa, kyauta! Sai da ya ɗago ya ga dokin nasa ya maƙale a lungu can ƙarshen duniya, na tsakiya ya rasa mai dafa masa, sarkinsa kuma tsirara a gaban doki da bishof da sarauniya. Ba a daɗe ba aka kulle shi. Nnaemeka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ba ita ta ƙirƙiri turin a duniya ba, amma a Kafanchan ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma da kanta ta gano shi. Baba ya kama gefen allo zai juya.

"Gobe, Baba," in ji ta. "Mama na jira na."

Goben ba ta zo ba. Takardar makarantar nas ta iso daga Fatakwal, aka shiga hidimar tafiya. Bayan wasu shekaru Nnaemeka ya rasu, aka kai shi garinsu aka binne, iyalin suka bi gawar ba su dawo ba. Allon da gwangwanin suka zama na Baba. Ɗakin da abokinsa ya zauna a kwatas wasu baƙi suka shiga, suka shafa masa koren fenti.

Kowa a gindin tanki ya haddace turin Uloma, kowa yana son ya gwada. Amma duk wanda ya kai hannu ga leburan bakin allon nan, sai Baba ya ɗaga tafinsa kamar mai tsayar da jirgi.

"Wannan layi a rufe yake. Ana gyara."

"Har yaushe, Baba?"

"Sai mai shi ya zo."

Da gaske gyaran yake yi. Ya jera wurin shi kaɗai ya fi a ƙirga, yana neman inda baƙaƙe za su sha iska. Ya gwada cin jirgin sannan sarki ya gudu, ya ga gudun ba ya kai shi gida. Ya gwada ƙin cin leburan tun farko, ya ga an kore dokin, na tsakiya ya faɗi a banza. Boaz ya sha nuna masa waya, ya ce akwai na'urar da za ta faɗa masa amsa kafin ya ƙifta ido. Baba ya ce wayar ba ta taɓa zama da sarkinta a fili gabanta na faɗuwa ba, don haka ba ta da abin da za ta gaya masa. Taurin kai ne, mun sani, shi ma ya sani.

Amsar ta zo masa wata kaka a Zonkwa, suna zaune da Mama Emilia suna tsaga citta don shanya. Ya ajiye wuƙa ya tsaya yana kallon ƙasa, har ta ɗauka ya yanke ne. Abin da ya gani shi ne, bayan dokin ya ci leburan, ba dole ne ya ci jirgin ba. Yana iya barin jirgin a lungunsa, ya juyo ya dawo tsakiya kusa da sarkinsa, ya sauka a gidan da yake barazana ga sarauniyar farare. Gaskiya ne bishof zai cinye dokin tsakiya, kyautar da aka ba baƙaƙe ta koma. Amma sarauniya dole ta kauce, harin ya rasa numfashi ɗaya, sarki ya gusa ya samu bango, kuma sarkin farare shi ma ga shi a waje bai ɓuya ba. Wasa ya koma na mutum biyu. Baba bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Abin da yake so a duniya bai fi wannan ba: Uloma ta zauna a kujerar ubanta, ta tura leburan nan, shi kuma ya ɗauki dokin da hannunsa ya dawo da shi.

Sai hannun ya fara rawa. Da fari kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, daga baya maɓallin kwat ya gagara. Likita ya ba shi magani, ya ce ciwon ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Da hantsi hannun yakan ɗan ji magana, da yamma kuwa sai abin da ya ga dama. Ɗalibai suka ce a sassauta masa dokar taɓawa, ya ƙi. Khairat ta ce ya riƙa faɗa tana tura masa, ya ce bai taɓa ganin an ci tuwo da hannun maƙwabci ba. Ya dai koma yin wasa da safe kawai, kuma mun ga yadda yake daɗewa yana kallon hannun nasa kafin ya miƙa shi, kamar ba nasa ba.

Mama Emilia ce ta gaji. Ta ce masa, "Baban Gershon, wannan hannu ba zai jira kowa ba fa." Ya ci gaba da jera allonsa. Ita kuwa ta bi ta wurin matan zumunta har ta samo lambar Uloma, ta kira ta ba da saninsa ba. Abin da ta gaya mata kaɗan ne: tsohon zai koma Zonkwa, kuma ya rufe layi saboda ke.

Ranar wata Asabar Uloma ta iso. Mota ta ɓata musu lokaci a hanya, sai da rana ta karkata ta sauka, kuma washegari da sassafe za ta juya, don aikin asibiti ba ya ba da dogon hutu. Mace ce yanzu mai 'ya'ya, da tabarau, ta yi jiki. Baba yana shirin tattara allo ya hango ta tana tsallake layin dogo. Tafiyar Nnaemeka ce sak. Ta durƙusa ta gaishe shi. Da ƙyar ya ce, "Kin yi latti."

"Na sani, Baba. Ku yi haƙuri."

"Zauna."

Idon nas ne da ita, tun kafin ta zauna ta ga hannun. Mama Emilia, da ta biyo ta a baya, ta ce a bari sai da asuba kafin mota ta tashi, lokacin hannun ya huta. Baba ya ce ya jira abin da ya isa. Uloma ta ce rabonta da taɓa ces tun rasuwar babanta, kada a yi mata dariya. Amma yatsunta ba su manta ba. Labari ya zaga, Khairat ta rufe kemis, Boaz ya ajiye babur, mutane suka kewaye teburin.

Doki ya faɗa ƙofar baya. Sarki ya ci, sarauniya ta fito, sarki ya taka fili. Baba yana riƙe wuyan hannun damansa da na hagu, yana tura kowane ɗa a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya kawo doki na biyu. Uloma ta dube shi, ta kai yatsa ga leburan bakin allo. Wannan karon ba wanda ya ɗaga tafi. Ta tura. Ya miƙa hannu can gefenta, ya ci leburan, ya ce cek. Ta gusa da sarki gida ɗaya.

Ga wurin nan, bayan duk shekarun nan. Dokin yana can nesa, a gaban ƙirjin Uloma, sai an miƙa hannu duka kafin a kai gare shi. Baba ya ja numfashi, ya saki hannun hagu don na dama ya isa. Hannun ya tashi, ya bi ta saman allon, sai ya fizga. Ƙaramin yatsa ya bugi kan sarkin baƙaƙe. Sarkin ya yi tangaɗi ya tsaya.

Kowa ya gani. Kowa kuma ya yi kamar bai gani ba. Boaz har da kallon sama.

"Ban ga komai ba, Baba," in ji Uloma da sauri. "Kuma a doka na gaskiya, sai da niyya. Wannan ciwo ne, ba ku ba ne. Abeg, ku ɗauki doki."

Baba ya daɗe yana kallon dokin. Sannan ya juya ya dubi Boaz.

"Key na wane ne?"

Boaz ya sunkuyar da kai.

"Hannuna ne," in ji Baba. Ya kama sarkin, ya mayar da shi baya gida ɗaya.

Ba sai an iya wasa ba kafin a gane abin da ya faru. Dokin da ke can nesa ya zauna a bakin sarkin farare ba mai ceto, na tsakiya ma haka. Uloma ta ƙi turawa. Ya ce mata kada ta raina shi, ta yi wasanta. Ta ci dokin tana share ido da bayan hannu, bayan 'yan turi kaɗan ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Mama Emilia ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Mu da muke wurin mun ji haushinsa, mun kuma ji tausayinsa, har ba mu san wanne ya fi ba.

Ya fara tattara 'ya'yan zai zuba a gwangwani, Uloma ta dafa allon.

"Ba a gama ba. Na ci ku, ko ba haka ba? Al'ada ya ce a juya."

Ta mayar da kowane ɗa inda yake lokacin da dokin ya ce cek. Ba ta juya allon ba, tashi ta yi ta zagayo, ta tsaya a kansa har ya miƙe ya ba ta kujerar baƙaƙe. Shi kuma ya taka ya zauna a ta Nnaemeka, wadda bai taɓa zama a kanta ba tun da aka kafa teburin. Turi ɗaya ne kawai a gabansa, kuma sarkin farare yana nan dab da ƙirjinsa. Ya gusa da shi gida ɗaya, lafiya lau.

"Kada ku gaya mani," in ji ta.

"Ban yi niyya ba."

Ta zauna tana kallo har inuwar tankin ta kai layin dogo. Can ta ce, a hankali, "Baba, daga nan gefe abin ya fi ban tsoro. Haka kuke zama duk shekarun nan?" Ya ce haka. Ta ɗauki dokin. Ta kai shi saman lungu, inda jirgin yake zaune yana jiran a ci shi, ta tsaya da shi a sama. Ta dubi sarkinta shi kaɗai a fili. Sai ta janye hannun, ta dawo da dokin tsakiya, ta ajiye shi a gaban sarauniya.

Baba ya dubi dokin. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na motsi, ba mu san dariya ce ko kuka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Da ya sauke hular ya dubi mutanen da ke tsaye, ya ɗaga hannun nan mai rawa.

"Layi ya buɗe," in ji shi.

Washegari Uloma ta koma Fatakwal. Ta yi alkawarin zuwa Zonkwa da Kirsimeti da 'ya'yanta, kuma muna fata wannan goben za ta zo. Turin da ya yi wa tanadi bai fito daga hannunsa ba, ba kuma zai fito ba. Ya san haka, kuma mun ga yana yi masa ciwo. Amma an yi shi a kan allon Nnaemeka, a gindin tanki, a gaban idonsa.

Baba Yafet, mun gode. Mun gode da sarkin da ka riƙa fitarwa fili don 'ya'yan mutane su koyi ƙarfin hali. Mun gode da ka hau kan dokarka ranar da ta fi yi maka tsada, alhali duk mun ba ka hanyar kaucewa. Allah ya sassauta maka hannun nan, ya ba ka hutu mai daɗi a Zonkwa, ya sa cittar bana ta yi albarka. Za mu yi kewar ƙarar gwangwaninka a kan hanyar tasha.

Ku kuma da kuka koyi duka a wurin nan kuka tafi da shi, na Zariya da na Abuja da na Jos, da ku da ba ku je ko'ina ba, allon yana wurin Khairat a kemis, duk wanda ya tambaya za ta ba shi. Kujerar farare ba ta taɓa rasa mai zama ba, ɗayar ce ke nema. Asabar da ta wuce Boaz ya zauna a kanta. Sai da ya cire makullin daga wuyansa ya sa a aljihu, sannan ya fito da sarkinsa fili. Khairat ta soya shi tas, Baba na gefe yana kallo, hannayensa a cikin aljihun kwat. Boaz ya share gumi, ya ce a sake jerawa.